Tarihin Mile, Mai Zanen Manoma da Mata Masu Kala

Duk wanda ya tashi a karkara ya san kala. Idan mai gona ya gama girbi, ya ɗaure dammansa ya kai rumbu, sai mata da yara marasa ƙarfi su bi gonar suna tsintar zangarniyar da ta faɗi, domin su samu abin ɗora tukunya. A ƙasar Faransa akwai wani zane na mata 3 masu kala a gonar alkama, wanda ya yi suna har aka riƙa buga shi bisa kalanda da faranti da littattafan lakwal. A yau mun kawo muku tarihin mutumin da ya zana shi, da abubuwan da ya fi son zanawa, da inda ya samo su, da kuma yadda cinikin zanensa ya kasance tsakaninsa da dillalai.

Sunansa Jan Faransuwa Mile, Faransawa na rubuta shi Jean-François Millet. Wani abin sha'awa, wannan kalma ta Millet a harshensu sunan wani irin gero ne.

Tashinsa a gona

An haifi Mile ranar 4 ga watan Oktoba na shekarar 1814 a wani ɗan ƙauye mai suna Gurushi, cikin yankin Normandi, a bakin teku, kusa da garin Sherbur. Iyayensa manoma ne masu gonarsu ta kansu. Ba attajirai ba ne, amma suna ci da guminsu. Da yake shi ne babban ɗa namiji, tun yana yaro ya shiga aikin gona: huɗa, shuka, kai taki, yankan ciyawa, ɗaurin dami, sussuka da shiƙa, babu wanda hannunsa bai taɓa ba. Uwarsa kullum tana gona, saboda haka kakarsa ta wajen uba ce ta rene shi. Tsohuwa ce mai riƙo da addininta na Kirista, kuma tarbiyyarta ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Limaman cocin ƙauyen sun ga yaron yana da kai, suka koya masa harshen Latin. Da haka ya karanta Baibul, ya kuma karanta waƙoƙin Birjil, wani mawaƙin Rumawa na zamanin da, wanda ya yi waƙoƙi bisa noma da kiwo. Waɗannan littattafai 2 bai rabu da su ba har ya mutu. Lokacin da sauran mutanen gida ke hutun tsakar rana, shi sai ya ɗauki gawayi ko fensir yana zana abin da idonsa ya gani. Da ubansa ya lura da baiwar, sai ya kai shi Sherbur a 1833 wajen wani mai zanen fuskokin mutane domin ya koya.

A 1835 uban ya rasu. Mile ya komo gida da niyyar ɗaukar nauyin gona da ƙannensa, amma kakarsa da uwarsa suka matsa masa ya koma wajen koyon sana'arsa, kamar yadda marigayin ya so. A 1837 hukumar garin Sherbur ta ba shi tallafin karatu, ya tafi Faris, babban birnin ƙasar, ya shiga babbar makarantar zane a hannun wani mashahurin malami mai suna Dalarosh.

Shekarun neman abin kai bakin salati

Zaman Faris bai yi masa daɗi ba. Baƙauye ne mai kunya, ga ƴan birni masu ba'a, ga malamin da salonsa bai kwanta masa ba. Inda ya fi samun natsuwa shi ne gidan tarihi na Lubur, inda yake wuni yana kallon aikin magabata irin su Mikelanjelo ɗan Italiya da Pusan ɗan Faransa, yana lura da yadda suke tsayar da jikin mutum ya yi nauyi da kwarjini. A 1839 aka yanke masa tallafin.

A wancan zamani, kasuwar mai zane ita ce wani babban baje koli da hukuma ke shiryawa a Faris, mai suna Salon. Wanda alƙalan Salon suka karɓi aikinsa, masu kuɗi za su gan shi su saya. Wanda suka ƙi, sai ya koma da kayansa. Kuma abin da aka fi so a lokacin shi ne zanen sarakuna, da yaƙe-yaƙe, da labaran mutanen da, da fuskokin manya. Zanen farko da Mile ya kai an ƙi shi, sai a 1840 aka karɓi wani. Domin ya ci abinci, ya riƙa zana fuskar duk wanda ya biya, da allunan talla na ƙofar kanti, da ƙananan hotuna irin waɗanda ƴan birni ke so. Har garin Sherbur ya ba shi aikin zana tsohon magajin garin da ya rasu, amma da ya kawo aka ce bai yi kama ba.

Ya yi aure a 1841, matar ta rasu a 1844 da tarin fuka. Daga baya ya haɗu da Katarin Lamer, wata yarinya ƴar talakawa mai aikatau. Ita ce ta zauna da shi har mutuwa ta raba, suka haifi ƴaƴa 9. Abokinsa Alfared Sansiye, ma'aikacin gwamnati wanda daga baya ya rubuta tarihinsa, ya ba da labarin cewa a 1848 ya taɓa kai masa taimakon faran 100, ya tarar da mata da miji sun kwana 2 ba su ci ba, ɗan abin da ke akwai sun bar ma yara.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu yi bayanin kuɗin. Faran ɗin da muke magana shi ne na Faransa na wancan zamani, na azurfa, wanda kakanninmu suka sani da sunan tamma, guda 5 su ne dala. Kada a auna shi da sefa. A lokacin, leburan gona bai cika samun fiye da faran 2 a wuni ba.

Komawa ga abin da ya sani

A shekarar 1848 talakawan Faris suka yi bore, suka kori sarki, aka kafa jamhuriya. A Salon na wannan shekara Mile ya kai zanen wani mutum mai shiƙa. A wajenmu shiƙa aikin mata ne da ƙwarya da iska, amma can namiji ne ke tsayawa cikin rumfa da wani faffaɗan kwando, yana jingina shi ga gwiwa yana wurga hatsin sama, ƙaiƙayi na tashi. Ministan cikin gida na sabuwar gwamnati, Ledru-Rolan, ya saye shi faran 500. Daga nan Mile ya gane hanyarsa. Shekara 10 yana zana abin da wasu ke so, ashe jarinsa na gaskiya shi ne aikin da ya yi da hannunsa tun yana yaro.

A shekarar 1849 annobar kwalara ta faɗa ma Faris. Mile ya kwashi iyalinsa ya koma Barbizon, wani ƙauye a bakin dajin Fontenbulo, kimanin kilomita 60 daga birnin. Ya je da niyyar ɗan zama kaɗan, sai ga shi ya ƙare rayuwarsa a can. Akwai masu zane da dama a ƙauyen, amma akasarinsu itatuwan dajin ne suka kawo su. Shi kuwa ya fi mai da hankali ga filin noma na Shayi da mutanen da ke aiki cikinsa. Yana sa takalmin katako irin na manoma, da safe ya yi aikin lambunsa, da rana ya shiga ɗakin zane, da marece ya fita yawo yana kallon masu komowa daga gona.

Yadda yake aiki ya bambanta da na abokansa. Bai cika kai ƙyalle da fenti gona ba. Yakan tsaya ya daɗe yana kallon yadda mai shuka ke jefa ƙafa, ko yadda bayan mai ɗauke da itace ke lanƙwasa, ya yi ɗan zane a ƙaramin littafinsa, sannan ya koma ɗaki ya zana daga abin da ya riƙe a ka. Shi ya sa fuskokin mutanensa ba su cika fitowa sosai ba, motsin jikin ne ke nuna aikin. Kuma sau da yawa abin da ya gani a Barbizon yana gauraya da abin da ya tuna na Gurushi.

A 1850 ya zana Mai Shuka. Alkama watsa ta ake yi, ba kamar gero ba da ake sara rami a zuba a rufe da ƙafa. Zanen ya nuna wani ƙaƙƙarfan saurayi yana gangarowa daga tudu, jakar iri a hannun hagu, na dama ya miƙe yana watsawa, tsuntsaye na biye da shi. A 1853 ya samu lambar yabo da zanen masu girbi suna hutawa, wanda ya ɗauko daga labarin Rut da Bo'aza na cikin Baibul, wato matar da mijinta ya rasu ta je kala gonar wani mai arziki. Amma ya sa ma mutanen tufafin manoman Faransa na zamaninsa.

Cikin waɗannan shekaru ne kakarsa ta rasu a 1851, uwarsa ta bi ta a 1853, kuma bai samu ganin ko ɗayansu ba kafin su cika. A 1854 ya kai iyalinsa Gurushi, ya yi watanni yana zana gidan da aka haife shi, da rijiya, da gonaki, da bakin teku. Waɗannan zane-zane ya yi ta komawa gare su har tsufansa.

Aikin mata

Ƴan uwa mata, a nan ne tarihin ya fi shafar ku. A zamanin Mile, mace a cikin zane ko dai matar attajiri ce cikin ado, ko kuma kyakkyawa da aka zana don kallon maza. Shi kuwa ya zana mace tana bakin aikinta. Ya zana mai sa burodi cikin tanderu, da mai kaɗa nono don fitar da mai, da mai kaɗi da mazari tana kiwon awaki, da mai gyaran gashin tumaki, da masu wanki a bakin kogi, da mai ɗebo ruwa, da masu ɗauke da itace daga daji kansu a sunkuye. Ya zana uwa tana koya ma ɗiyarta saƙa, da uwa tsugune tana ba yara 3 abinci da cokali ɗaya a bakin ƙofa, da mai ɗinki cikin dare a hasken fitila, da mai tatsar nono ta Normandi da tulunta na jan ƙarfe bisa kafaɗa. Wannan aiki ne da ake yi kullum, ba a biya, ba a ko ƙirga shi. Samfurinsa yana cikin gidansa: Katarin da yara 9, da abin da ya tuna na uwarsa da kakarsa.

A 1857 ya kai Masu Kala a Salon. A Faransa kala tana da tsohuwar doka: sai an ɗauke amfani, sai tsakanin fitowar rana da faɗuwarta, kuma don marasa ƙarfi. Cikin zanen, mata 2 sun duƙa hannunsu na ƙasa, ta 3 ta ɗan ɗago kamar bayanta ya gaji, kowace riƙe da ƴan zangarniyoyi. Can nesa bayansu ga tarin alkama kamar tsauni, ga amalanke cike, ga ma'aikata da yawa, ga wakilin mai gona bisa doki yana dubawa. Faɗin zanen ya ɗan haura mita 1, girman da a da ba a ba talaka.

Masu kuɗin Faris ba su ji daɗi ba. Boren 1848 bai fita daga ransu ba, sai suka ga kamar ana nuna musu yawan da suka tara da ƙarancin da aka bar ma wasu. Marubutan jaridu suka kamanta matan da mutum-mutumin da ake kafawa a gona cikin tsummoki. Mile ya sa kuɗinsa faran 4,000, amma bashi ya sa ya sallama a 3,000.

Haka aka yi a 1863 da ya nuna Mai Hauya, wani mutum da ya jingina da ƙotar hauyarsa, baki buɗe don gajiya, a cikin fako mai duwatsu da ƙaya. Wasu suka ce fuskar mai kisan kai ce, wasu suka ce Mile ɗan gurguzu ne mai tunzura talakawa. Shi dai ya sha musanta cewa siyasa yake yi. A wasiƙunsa ya nuna cewa abin da ya tashi ya gani ne yake zanawa, wato ɗan Adam yana cin abinci da gumin goshinsa, kuma yana ganin daraja a cikin haka.

Addu'ar marece

Zanensa da ya fi kowane suna shi ne Anjelus, wanda ya yi tsakanin 1857 da 1859. Anjelus addu'a ce ta Kiristoci ƴan Katolika, ana kaɗa mata ƙararrawa safe da rana da marece. Zanen ƙarami ne. Namiji da mace ne a gonar dankalin turawa da faɗuwar rana, sun ajiye aiki, namijin ya cire hula, macen ta haɗa hannuwa, ga kwando a ƙasa, ga baro da buhuna, can nesa ga hasumiyar cocin Shayi. Mile da kansa ya bayyana a 1865 cewa kakarsa ya tuna, wadda idan ta ji ƙararrawa suna gona takan tsayar da kowa a yi addu'a ga mamata. Wani Ba'amurke ne ya ba da aikin, amma bai zo ya ɗauka ba. Daga ƙarshe aka sayar da shi kimanin faran 1,000.

Bashi, abokai da dillalai

Shekarun 1850 na bashi ne gare shi: mai burodi na bi, mai kanti na bi, ga ciwon kai mai tsanani da ke kwantar da shi kwanaki. Sansiye yakan ba shi kayan aiki da kuɗi, ya karɓi zane ya nemo masu saye. Maƙwabcinsa Tewodor Ruso, shi ma mai zane, ya yi masa wata dabara a 1855: ya ce wani Ba'amurke na son zanen manomi mai yi ma itace aure, ya kawo faran 4,000. Ashe kuɗin Ruso ne, ya ɓoye don kada abokinsa ya ji kunya. A 1860 Mile ya yi yarjejeniya da wasu dillalai 2, suna ba shi kuɗi duk wata, su kuma su kwashe duk abin da ya zana. Kamar manomin da ya ci bashi tun hatsi na gona ne, ya samu na cefane, amma farashi ya fita hannunsa.

Sauƙi ya fara zuwa a 1864, da zanen wata yarinya makiyayiya tana saƙa a tsakiyar tumakinta, wanda kowa ya yaba. Daga 1865 wani attajiri mai suna Gabe ya riƙa ba shi aikin zane da alli mai launi, har ya tara wajen 90. A babban baje kolin duniya na Faris a 1867 ya samu lambar yabo ta ɗaya, a 1868 gwamnati ta ba shi lambar girma ta ƙasa. Lokacin yaƙin Faransa da Jamusawa a 1870 ya koma Sherbur da iyalinsa, ya zana teku da tsohon cocin garinsu. Ɗaya daga cikin zanensa na ƙarshe, a 1874, shi ma tunanin yarinta ne: mutanen ƙauye na farautar tsuntsaye cikin dare da wutar kara. Ya rasu a Barbizon ranar 20 ga Janairu 1875, yana da shekara 60. Aka binne shi a Shayi kusa da kabarin Ruso.

Wa ya ci ribar?

Bayan mutuwarsa farashi ya yi tashin gwauron zabi. Anjelus ya yi ta sauya hannu har ya kai ga Sekaretan, wani attajirin da ya yi ƙoƙarin saye jan ƙarfen duniya ya ɓoye don ya tsauwala farashi. Kasuwar ta karye masa a 1889, aka yi gwanjon kayansa. A wajen gwanjon Faransawa da Amurkawa suka yi ta ƙari har zanen ya kai faran 553,000. Gwamnatin Faransa ba ta fitar da kuɗin ba, Amurkawa suka tafi da shi suna nunawa gari-gari ana biya. A 1890 Shoshar, mai wani babban kanti a Faris, ya sayo shi da abin da ya haura faran 700,000, kuma ya bar ma ƙasa shi bayan mutuwarsa a 1909. Masu Kala kuwa, wata ƴar kasuwa ce ta saye shi faran 300,000, Madam Pomeri, wadda ta riƙe kamfanin giyar inabi na mijinta bayan ya rasu. Ninki 100 ke nan na abin da aka ba Mile. Da ta rasu a 1890, zanen ya shiga Lubur, tsohon gidan sarakunan Faransa. Tun 1986 zanukan 2 suna gidan tarihi na Orse a Faris.

Duk wannan ciniki an yi shi Katarin na raye, amma ko tamma ɗaya ba ta shiga hannunta ko na ƴaƴanta ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin ya tsaya ma mutane a rai, kuma labarin Anjelus na cikin hujjojin da aka kafa har Faransa ta yi doka a 1920, wadda ta ce duk lokacin da aka sake sayar da zane a gwanjo, a cire wani ɗan kaso a ba mai zanen ko magadansa. Ƙasashe da dama sun bi sahu daga baya.

Cikin masu zanen da suka ɗauki Mile uba akwai Ban Gog ɗan ƙasar Holan, wanda tsakanin 1889 da 1890 ya sake zana hotunansa wajen 20 da launukansa, har da masu girbi da mai kaɗi da yarinya mai koyon tafiya. Gidan da Mile ya yi aiki a Barbizon yana nan, an mai da shi wurin ziyara, haka ma gidan da aka haife shi a Gurushi. Mai Shuka yana birnin Boston na Amurka, Mai Hauya kuma yana Los Anjeles.